Sitika a Jikin Jirgin Baba

Shekarar da surukina ya yi ritaya daga filin jirgin sama, inda ya daɗe yana tuƙa motar jan kayan alhazai, sai ya sayi jirgin ruwa. Ƙarami ne, fari, na hannu, da inji ɗaya a baya. A wurin wani tsohon masunci ya saye shi a Yanbu'u, garin bakin teku, ya ɗora a kan tirela ya jawo shi har ƙofar gidansa a unguwar Uhudu da ke Madina. Maƙwabta suka yi ta fitowa kallo. Matata ta bugo mini waya tana dariya, ta ce in zo in ga abin da Baba ya kawo wa garin da ko rafi babu.

Kafin wannan lokaci, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Ni karatu ya kawo ni Madina daga Yawuri, na gama na zauna ina koyarwa, na auri 'yarsa. Shi kuwa a nan aka haife shi, mahaifinsa ne ya taso daga bakin Tafkin Chadi ya zo hajji bai koma ba. In na je gidan sai in durƙusa in gaishe shi, ya amsa rabi da Hausa rabi da Larabci, in tashi.

Ran nan na zagaya jirgin, na ƙwanƙwasa cikinsa, na ce akwai tsaga ƙarama kusa da gindi, gara a liƙe kafin ya taɓa ruwa. Baba ya dube ni.

"Malam, ina ka san jirgi?"

"Baba, a cikin kwalekwale na girma. Kawuna masunci ne."

"To halas, shi ke nan," in ji shi. "Kai za ka raka ni rajista."

Rajistar nan ta ci mu tafiya uku zuwa Yanbu'u. Karo na farko aka ce takardar cinikin ba ta cika ba, sai mai sayarwa ya zo da kansa. Karo na biyu aka duba jirgin, aka ƙirga rigunan ceto, aka ga abin kashe gobararmu ya tsufa. Baba bai taɓa yin fushi ba. Ya ce shi ma da yana aiki ba ya barin akwati ya wuce babu lamba a jiki, don haka mutanen nan aikinsu suke yi. A hanya ne na fara jin labarinsa: yadda mahaifinsa ya rasu yana kewar kifin tafki, da yadda shi kansa ya kai shekara arba'in kafin ya fara ganin teku.

A tafiya ta uku aka ce ya ba jirgin suna. Ya rubuta sunan mahaifiyarsa. Aka ba mu lamba, aka ce a rubuta ta da manyan baƙaƙe a gefe biyu. Muna shirin fita sai Baba ya koma gaban ma'aikacin rajistar.

Dalili kuwa, ɗansa da ke karatu a Amurka ya taɓa gaya masa ta waya cewa a wasu jihohin can doka ta ba mai jirgi dama, idan ya zo rajista, ya zaɓi wata sitika ta musamman ya manna, kuɗin da ya ƙara a kai kuma ya tafi ga wata ƙungiyar taimako. Maganar ta zauna masa. Ya tambayi ma'aikacin ko su ma suna da irin wannan. Mutumin ya yi murmushi ya ce shi dai bai san da ita ba, amma jirgi nasa ne, ya manna abin da yake so muddin bai rufe lamba ba.

A mota Baba ya ce, "Gobe za mu je jam'iyya."

A kunnena jam'iyya ta siyasa ce. Na ce, "Baba, wace jam'iyya kuma?"

"Ta masu ƙoda mana. Wadda motarsu ke ɗaukar Mamanku."

Sai na gane ƙungiya yake nufi. Surukata ta shekara huɗu ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako, kuma wata ƙaramar ƙungiya ta masu sa kai ce ke aiko mota ta kai ta ta dawo da ita, tun lokacin da Baba ke aikin safe ba ya samun zuwa.

Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman wani shago wajen masallacin Ƙiblatain. Matar da ke kula da wurin 'yar asalin Sudan ce, Hausarta da daɗi. Baba ya bayar da abin da ya sauwaƙa, sannan ya nemi sitika. Ta buɗe durowa ta ɗauko irin wadda suke mannawa a gilashin motocinsu, koriya, da zanen hannu biyu. Da ta ji a jikin jirgin ruwa za a sa, ta kira abokan aikinta su zo su ji.

Mun manna ta a gefen dama, nesa da lamba kamar yadda aka ce. Fitarmu ta farko, tun kafin azahar ruwan gishiri ya ɗaye ta. Ina kallo ta naɗe ta bi igiyar ruwa. Baba ya yi dariya har ya saki sitiyari. Da muka koma muka gaya wa matar, ta ce mu ba ta mako biyu. Ta sa aka buga wasu a kan roba mai kauri wadda ruwa ba ya ci, ta ba Baba guda goma ko da wani zai so.

An kuwa so. A mashigar jirage, masunta suka riƙa tambaya alamar mece ce, Baba kuma ba ya gajiya da bayani. Wani dattijo da ke ɗaure jirginsa kusa da namu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ƙanwarsa tana Madina, ita ma an fara yi mata wankin, kuma ba ta da mai kai ta. Baba ya karɓi lambar wayarta a wurin. Cikin makon motar ƙungiyar ta fara tsayawa a ƙofarta. Yanzu ita da surukata kujera ɗaya suke zama, kuma matata ta ce in sun fara hira direba ba ya jin rediyo.

Surukata sau ɗaya ta yarda ta bi mu Yanbu'u, a ranar da ba ta da asibiti. Ta tsaya a bakin ruwa ta duba jirgin, ta shafa sitikar da yatsa, ta ce ta karkace kaɗan. Baba ya ce ni na manna. Na ce shi ya riƙe gefen. Muka roƙe ta ta shiga ko da zagaye ɗaya ne, ta ce ita ƙafarta ba ta barin ƙasa. Aka shimfiɗa mata darduma a inuwa, ita da matata da fulas ɗin shayi. Mu muka fita, muka dawo wajen la'asar da kifi biyar, biyu daga ciki ƙanana ƙwarai. Ta zaɓi mafi girma ta ce a gasa mata ba gishiri, saboda likita ya hana.