Zinaren da Na Haƙa da Bakina

Ni mutum ne da Allah Ya yi wa baki. In na ga ɓera a rumbu, kafin in isa majalisa ya zama ɗan akuya. Mutanen ƙauyenmu, can gefen Kurya Madaro, sun san ni da haka, suna dariya suna saya mini shayi. Ban taɓa zaton bakin nan zai cinye gonar da na gada ba.

Wata ranar bazara ina sharar gona, sai ga farar mota da mutum uku daga ofishin binciken ƙasa da duwatsu. Babbansu, wani mai furfura da malafa, ya ce taswirar abin da ke ƙarƙashin ƙasa suke zanawa, daga Ƙaura har Zurmi. Suka tona ɗan rami da bai kai gwiwa ba, suka zuba ƙasar a leda, suka shafa wa wani dutse jan fenti.

Na ce, "Yallaɓai, mi kuka gani?"

Ya ce, "Malam, ba mu ga komai ba tukuna. Sai an kai ɗakin gwaji. In sakamako ya fito za a sanar."

Da la'asar a teburin mai shayi aka tambaye ni labarin baƙin nan. Na gyara zama na ce zinare suka ciro, kamar kan maraƙi, su uku suka ɗaga shi da nishi, tayar motar ta baya har ta kwanta.

Mai shayi ya ce, "Kai, tsohon maƙaryaci! Ba kai ne ka ga kifi yana alwala a rijiyar masallaci ba?"

Kowa ya kwashe da dariya, ban da wasu fataken shanu biyu da za su kasuwar Moriki. Su ba su san ni ba. Suka shanye shayinsu shiru suka tashi.

Kasuwa biyu tsakani labarin ya dawo mini daga Shinkafi, a bakin wani mai babur da bai san gonata ba ce. Zinaren ya kai girman jaki, kuma jirgin sama ne ya ɗauke shi. Wallahi yadda ya tsara maganar, ni kaina saura kaɗan in yarda.

Gero ya kai gwiwa lokacin da masu haƙa suka iso da diga da shebur. Daga jan dutsen nan suka fara. Na tsaya a tsakiyar kunyoyin gero ina rantsuwa cewa ƙarya na yi. Wani ya ɗago daga rami ya ce, "Baba, ni ma da tawa ce haka zan ce." Bayansu sai mutanen daji suka aiko wa mai gari cewa wurin ya zama nasu, kuma suna son ganin mai gonar.

Na durƙusa gaban mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne."

Ya ce, "To wasan naka ya zo da bindiga. Ka kwashe iyalinka yau."

Muka sauka a Ƙaura, gidan ƙanen matata, kusa da tashar jirgin ƙasa. Tun daga nan na zama ɗalibin labaran ofishin nan. Rediyo a kunne, ina jiran sakamakona. Yau a ce sun kammala taswirar wani yanki, gobe a ce sun sayo na'ura, jibi sun yi taro. Matata ta ce, "Malam, da ka saurari mutane haka tun farko, da muna gida."

Da na gaji na shiga mota zuwa ofishinsu. Mai furfuran ya gane ni, ya ba ni kujera, ya nemo takardar sakamakon. Yashi, laka, da tsakuwar da ba ta da mai saye. Zinare ko ƙwayar gero babu. Ya buga mini hatimi. Na roƙe shi ya zo ƙauyenmu ya faɗa da bakinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce su ma rabonsu da hanyar tun ranar, ba a barinsu su bi ta.

Na aika wa mai gari kwafin takardar, ya sa aka kai wa mutanen dajin. Amsar da ta dawo ita ce, in har gwamnati ta ɓata lokaci ta rubuta cewa babu, ta kuma buga hatimi, to abin da ke wurin ya wuce jaki.

Damina uku ke nan ban sa ƙafa a gonar ba. An ce ramukan sun kai talatin. Da can ne da na ce dubu. Yanzu geron wasu nake auna wa mutane a kasuwar hatsi, takardar a ninke cikin aljihuna. In ciniki ya lafa aka ce in ba da labari, wannan nake bayarwa, yadda ya faru, ban ƙara ko tsinke ba. Sai su riƙe ciki suna dariya, suna cewa wannan ƙaryar ta fi ta kifin.