Baban da Ya San Garin Kowa

Shekarar da aka rufe masaƙarmu a Sharada, ita ce shekarar da Baba mai gadi ya rasu. Jiya na bi ta ƙofar, warin rini na tashi daga kwata, sai ya faɗo mini a rai.

In aka ɗauke wuta injuna suka yi shiru, mukan zauna kan dilar atamfa, shi kuma ya ɗauko labarin ɗayanmu: garinsu, sunan mahaifiyarsa, abin da ya kawo shi Kano. Ranar da inji ya kashe wani ɗan Filato, da labarin Baba muka gane inda za a kai gawar.

Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci. Na ce, "Baba, ku bari in iya rubutu, sai ku ba ni naku."

Ya yi dariya, goro a baki. "Kai da fensir ke rawa a hannunka? To, ina jira."

Kafin in iya, an binne shi a Panshekara. Mu tara muka yi masa salla, babu danginsa ko ɗaya, don ba wanda ya san garinsu. Ya tafi da labarinmu duka, da nasa. Allah ya jiƙansa, ya kai wa danginsa labari.