Facin Tankin Kurfi

Na daɗe ina facin tankunan ruwa na fiba a Dutsin-Ma. Karatuna bai wuce firamare ba. Wurin maigidana na koyi aikin: a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi, a shafe shi da gam, a ƙara wani bisa, har faci ya yi kauri.

Ɗiyata ta biyu injiniya ta karanta. Aikinta na ƙarshe a jami'a cikin kwamfuta ta yi shi. Tana zana irin fibar nan, ta ɗora mata nauyi, ta ga inda shimfiɗun ke fara rabuwa ta ciki alhali waje sumul.

Wani rani aka kira ni facin tankin burtsatse a wata unguwa ta Kurfi. Ɗiyar tawa tana hutu, ta biyo ni. Ta ga zan shimfiɗa ƙyalle bisa tsohon jikin, ga shi da danshi.

"Baba, ka kankare shi tukuna, ka bari ya bushe. In ba haka ba ta ciki zai ɓare. Bari in nuna maka."

Ta buɗe kwamfutar bisa wani buhu. Na ga layuka shuɗɗa, wani ja yana rarrafe tsakaninsu. Dattawan unguwa na zaune gindin darbejiya suna kallonmu, abin ya yi mani zafi.

Na ce, "Hajiya injiniya, kwamfutar taki ta taɓa riƙe ruwa ko cokali guda?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Malam, bar ta ta yi mana facin da hoto!" Ta rufe kwamfutar, ta koma gefe. Na yi facina yadda na saba.

Kafin damina facin ya ɗaye kamar ɓawon rogo, matan unguwar suka koma ɗibar ruwa nesa. Na je na sake aikin yadda ta ce, ya zauna. Ban gaya mata ba.

Tun ranar ba ta ƙara nuna mani aikinta ba. Ta gaishe ni, ta tambayi ciwon gwiwata, shi ke nan.

Bara da ta zo salla, na faɗa mata komai a tsakar gida, na roƙe ta gafara. Ta sunkuyar da kai.

"Ba komai, Baba. Ai wata ƙawata 'yar Kurfi ta gaya mani tun lokacin."

Mahaifiyarta, tana tsintar shinkafa, ta ce, "Daga bakinka take jira, Malam."