Fim Ɗin da Ban Kalla Ba

Da ana iya dawo da rana, da na dawo da yammacin da na zauna a majalisar ƙofar gidana ana karanta mini abin da mutane suka rubuta a kan ɗana Nafi'u. Shi da abokansa sun haɗa wani fim na ban tsoro da wayar hannu, suka ɗora a intanet. A ciki ya fito a matsayin saurayin da yake son namiji ɗan'uwansa. Ni ban kalla ba. Maƙwabcina ne ya riƙe waya yana karanto ra'ayoyin masu kallo, tsinuwa bayan tsinuwa, har aka zo kan wanda ya ce ya san uban yaron, tela ne a Funtuwa. A ranar na fitar da jakar Nafi'u waje. Mahaifiyarsa ta rasu ba ta sake ganinsa ba. Bana 'yata Sa'adatu ta gaya mini yana Madina, yana tura tsofaffin alhazai a keken guragu a filin jirgi. Sai na nemi bizar Umara, amma shi na tafi nema.

Funtuwa zuwa Kano

Na fita kafin kiran assalatu, Sa'adatu ta rako ni tasha da ƙullin dambun nama, ta ce na yayanta ne, kada in taɓa. A Malumfashi muka yi asuba. Kusa da Gwarzo jami'an tsaro suka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya ga jakata, ya ce, “Baba, idan an je a tuna da mu.”

Direban mai surutu ne. Ya ce, “Alhaji, Umara ce kawai, ko da 'yar sayayya?”

Na ce ɗana zan gani.

“Ɗa a Madina? Kai, Baba ka more! Wannan ai albarkarka ce ta bi shi.”

Na juya ina kallon gonaki har Kano.

Madina

Ban taɓa hawa jirgi ba. Ko da muka sauka washegari da hantsi, gwiwoyina sun kumbura, tsayuwa ma ta gagara. Aka kawo mini keke. Na waiga da sauri don in ga mai turawa, sai na ga wani baƙo ne, ko Hausa ba ya ji. Duk ma'aikacin da ya wuce sai na bi shi da ido, har mai duba fasfo ya ɗaga murya in kalli na'urar ɗaukar hoto.

Masaukina a unguwar Ƙurban yake, kusa da Masallacin Ƙuba, gidan Alhaji Mamman, wanda surukina ya haɗa mu. Kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa. 'Ya'yansa suna jin abin da nake faɗa, amma da Larabci suke mayar mini. Aka kawo mini wake da aka dama da man zaitun, da gurasa mai faɗi, da shayi mai na'ana'a.

Bayan la'asar Hausawan unguwar suka taru shan shayi. Ban ɓoye musu abin da ya kawo ni ba. Ashe da yawansu sun ga fim ɗin. Wani mutumin Cadi ya tsuke fuska, ya ce shi da ɗansa ne da abin da zai yi ya fi kora. Alhaji Mamman ya ce, “Halas, ya isa, Malam Abakar, bar mutum ya sha shayinsa. Wallahi ni abin da na fi gani a fim ɗin nan talauci ne. Fatalwar ma da silifa ta fito.”

Aka yi dariya. Ni na kasa. Daga nan Alhaji Mamman ya ce gobe zai kai ni Sultana wurin Idrisa, mutumin Damagaram da suke zaune ɗaki ɗaya da Nafi'u.

Sultana

Da safe muka shiga motar Alhaji Mamman. Sultana titi ne na kantuna da gidajen abinci, ɗakin yana saman wani shagon gyaran waya. Na hau matakalar ina hutawa. Idrisa ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi dambun da hannu biyu.

“Baba, ya san kun zo,” in ji shi. “Ya ce yana dawam.”

Alhaji Mamman ya ce mini dawam shi ne lokacin aiki. Na ce sai yaushe zai tashi? Idrisa ya sunkuyar da kai.

Na duba ɗakin. Tsaf yake. A jikin ƙusa na ga hular da na saya wa Nafi'u wata sallah, ta koɗe. Yadda Idrisa yake ambaton sunansa, da yadda ya san maganin da yake sha idan ƙirjinsa ya tashi, na ga akwai tambaya a bakina. Ban yi ta ba. Allah ne ya san tsakanin bayinsa, ni dai na ga wanda ya riƙe mini ɗa lokacin da na sake shi.

Sai Idrisa ya ce, “Baba, ku yi haƙuri. Kun taɓa kallon fim ɗin kuwa?”

Na ce a'a.

Ya jingina waya da butar shayi, ya kunna. Labarin samari biyu ne da suka kama haya a wani tsohon gida, inda duk wanda ya zauna sai ya ɓace. Hoton yana rawa, wani wurin duhu ya yi yawa. Da aka zo inda suka tuɓe riguna suka rungumi juna, na kawar da kai, kuma har yau ban ce ya yi mini daɗi ba. Wurin bai daɗe ba. Can gaba aka kashe abokin, aka gano mai gadin gidan ne yake kisan saboda gulmar da yake ji a unguwa. Nafi'u ya zauna a ƙasa ya rungume gawar yana kuka, yana jan kunnensa na hagu. Haka yake yi tun yana goye. Wannan ba wanda ya koya masa.

Na ce Idrisa ya karanta mini abin da mutane suka rubuta. Ya ɗauki wayar ya fara. Zagin yana nan. Amma akwai wanda ya ce sautin kamar daga cikin rijiya. Wata ta ce tun farko ta san mai gadin ne, ɓata mata lokaci aka yi. Wani ya tambaya ko jinin zoɓo ne. Sannan wata ta rubuta cewa yaron nan kukan gaske yake yi, Allah ya sa yana da iyaye masu tausayi. Na tambayi yaushe ta rubuta. Ya duba, ya ce tun makon da fim ɗin ya fito. Ke nan yana nan a ranar da ake karanta mini, maƙwabcina ya tsallake shi, ni kuma ban ce a karanta duka ba.

Sauran kwanakin

Na je Makka a motar safa na yi Umara, na dawo. Kullum ina Masallacin Annabi, bayan kowace salla in tsaya a harabar ina duban fuskoki. Na koma Sultana sau biyu. Dambun ya ragu a kwano, shi ke nan abin da na gani na ɗana.

Filin jirgi

Ranar komawa Alhaji Mamman ya sauke ni, ya nema mini keke. Na zauna ban waiga ba, na gaji da waiwaye. Muka wuce wurin auna kaya. Sai na ji daga bayana an ce, “Hajji, a ɗaga ƙafa.”

Muryar ce. Na yunƙura zan juya, ya ce, “Zauna, Baba. Ana kallonmu, aiki nake.”

Yana turawa a hankali. Na ce, “Nafi'u, na zalunce ka. Ka yafe mini.”

Can ya ce, “An ce ka kalla.”

“Na kalla.”

“Yaya ka gani?”

Na ce, “Jinin nan zoɓo ne?”

Na ji dariya ta kuɓuce masa, ta ƙare da shessheƙa. “Zoɓo ne. Na Inna. Ita ta dafa mana, ba ta san na mene ne ba.”

Na ce, “Na ga ka ja kunnenka a fim ɗin.”

Keken ya tsaya. Ya zagayo ya durƙusa kamar mai gyara mini madogarar ƙafa. Ya rame, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya ce, “Na yafe, Baba, tuntuni. Amma kada ka ce in dawo. Majalisar tana nan, ko ba ta nan?”

Tana nan. Ban yi masa ƙarya ba.

Ya kai ni ƙofar shiga jirgi, ya sa mini jakata a cinya, ya ce in gaida Sa'adatu, in kuma gaya mata gishirin dambun ya yi yawa. Wata tsohuwa tana jiran keken. Ya juya da shi wurinta, na ji yana cewa, “Hajja, a ɗaga ƙafa.”

Gida

Na iso Funtuwa da magariba washegari. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina kuma gode wa Alhaji Mamman da iyalinsa, da Idrisa. Mutanen majalisa sun zo yi mini barka, na raba musu dabino da zamzam. Maƙwabcina ya ce, “Ina labarin yaron?” Na ce yana lafiya, shi ya tura ni har ƙofar jirgi.

Ku da kuke karantawa, idan aka zo muku da waya ana karanto abin da duniya ta ce a kan ɗanku, ku karɓi wayar ku gani da idonku, sannan ku kira shi ɗaki ku ji daga bakinsa. Ni a ƙofar gida na yanke hukunci, ga ɗakinsa nan har yau a rufe.