Jar Allura a Hanyar Toranke

Gaya, ƙarfe shida saura kwata

Ana sallame sallar asuba aka bugo waya cewa Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya rasu a Toranke, za a yi jana'iza ƙarfe takwas. Inna ta ce abu ɗaya take so, ta ga fuskarsa kafin a fita da shi. Ƙafafunta ba sa iya hawa babur, sai na tada tsohuwar motata gari bai gama wayewa ba.

Kan hanyar Ajingi

Ko minti goma ba mu yi ba allurar zafin inji ta cilla can cikin ja. Na gangara gefe na kashe motar. Nan fa kowa ya zama bakanike. Wani mai Keke Napep ya tsaya ya ce, "Alhaji, ƙara ruwa a lagireto." Na buɗe, ruwa cike fal. Wani dattijo mai tallan nama a keke ya ce a kwarara wa injin ruwa, aka kwarara jarka guda. Muka jira minti ashirin. Ina tadawa, allura ta koma inda take.

Sau uku muna wannan wasan. Raina ya ɓaci har na fara zagin motar a fili. Inna dai carbi take ja, sau ɗaya ta yi magana: "Kai wannan, ƙarfe nawa?" Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

Ajingi, bakwai da rabi ta gota

Da ƙyar muka lallaɓa. Bakaniken farko ko leƙawa bai yi ba ya ce a haɗa fanka kai tsaye, aikin rabin awa. Na kusa shaƙe shi. Maƙwabcinsa Malam Habu, mai gyaran wayar mota, shi ya zo ya ɗora tafin hannu a kan bututun ruwa.

"Wa ya ce maka ta yi zafi?"

"Allura mana!"

Ya zare fulogin sensa, ɗan abin nan da ke auna zafin ruwa, amma allura ba ta sauko ba. Ya bi wayar da yatsa har inda ta goge tana taɓa ƙarfe. Ya naɗe ta da salatif, ya mayar, allura ta dawo tsakiya. Minti huɗu.

"Lafiyar injinka ƙalau. Da ka yi ta tafiyarka tun ɗazu."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Toranke, takwas da minti ashirin da biyar

A bakin gari muka yi kiciɓis da maza suna tafe da makara a kafaɗa, sun nufi maƙabarta. An riga an sallace shi. Na tsayar da mota. Inna ta sauke gilashi da kanta, ta bi makarar da ido, ta ce a hankali, "Yaya, na yafe maka, ka yafe mini." Sannan ta juyo gare ni: "Sauka ka bi su, kada kai ma ka rasa."

Da la'asar sakaliya muka dawo Gaya lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa Malam Habu da duk waɗanda suka tsaya mana da niyyar alheri. Allah Ya jiƙan Kawu. Inna ba ta taɓa tada mini zancen ba har yau, ni kuwa na gwammace ta yi mini faɗa.