Gurbin mai lamba tara

Shekarun baya, lokacin da aka tura ni Babura aikin malamin gona, ban san kowa ba a garin. Iyalina suna Roni, sai ƙarshen wata nake leƙa su. In na taso daga aiki ba ni da wurin zuwa sai ɗakina, in kwanta ina jin rediyo har shi ma ya gaji da ni. Ranar da ya daina magana na kai shi gyara, a nan na haɗu da abokina.

Mutumin Nijar ne, ƙauyensu na can bayan iyaka, yana da ɗan shagon gyaran rediyo da talabijin kusa da tasha. Yana da wata dikoda mai kamo tashoshin Faransanci. Na same shi ya ajiye aiki ya ƙura wa talabijin ido. Wasu ƙartai ne suka haɗa kawuna suna turereniya kamar raguna, a kan wata ƙwallo mai siffar ƙwai.

Na ce, "Malam, faɗa suke yi ko wasa?"

Ya ce, "Jawo benci ka gani."

Rediyon nan ya daɗe a shagon ba a taɓa shi ba, ni kuma ban sake tambayarsa ba.

Wasan zari-ruga ne. Mai shagon ne ya koya min cewa ba a jefa ƙwallon gaba, sai dai baya. Ya ce in daina kallon ƙartan nan, in riƙa kallon mutum biyu. Mai lamba tara, galibi ɗan guntu ne mai surutun tsiya, shi ke zaro ƙwallon daga ƙarƙashin ƙafafun ƙartai ya wurga ta. Mai lamba goma shi ke cafewa ya yanke shawara, a ruga da ita ne, a miƙa wa wani, ko a buga ta da ƙafa. In tara ya yi nawa, goma ya sha ƙasa. In goma bai tsaya inda ya dace ba, wahalar tara ta tashi a banza.

Daga nan muka ƙirƙiro al'adarmu. Duk sanda aka gama gasar ƙasa da ƙasa, sai mu zauna a bencin ƙofar shago bayan la'asar, mai shayi ya kawo mana kofi biyu, mu fitar da gwanayen gasar. Shi ke zaɓar tara, ni nake zaɓar goma. Ba a faɗa kafin wasan ƙarshe, ba a faɗa a waya, sai ido da ido. Kuma dole biyun su dace da juna, kamar shanun noma. A nan rigimar take.

"Wannan goman naka?" in ji shi. "Kafin ya gama tunani an kira magariba!"

Ni kuma in ce, "Naka taran fa, bakinsa ya fi hannunsa aiki."

Mukan yi makonni muna wannan. Ban taɓa kawo goman da ya karɓa ba, ko sau ɗaya. Wata rana da gangan na zaɓi wanda na ji yana yabo, ya dube ni ya ce ai jiya ya yabe shi, yau ya gano aibinsa. Masu wucewa sukan tsaya su ba mu haƙuri, sun ɗauka faɗan gaske ne. Ni dai na san tunda na zo garin, sai a bencin nan nake mantawa cewa baƙo ne ni.

Ana nan mahaifinsa ya kwanta ciwo. Ya ba ni makullin shagon ya tafi gida, ba a jima ba tsohon ya rasu. Na tsallaka na yi masa ta'aziyya. Da zai raka ni ya ce in an gama girbi zai dawo. A tsakanin nan babbar gasa ta zo.

Ni kaɗai na kalle ta. In buɗe shago, in kunna talabijin, in zauna tsakanin matattun rediyoyin mutane. Masu sharhi suna ta zuba Faransanci, ba na tsintar komai sai ihunsu. A da abokina ke fassara min, ko da yake na daɗe ina zargin rabin fassarar ra'ayinsa ne. Sau da yawa in wani ya yi bajinta nakan juya in ce, "Ka gani ko?" sai in ga kujerarsa da akwatin sukurori a kai.

Na gwada neman abokin kallo. Na lallaɓi mai shayi ya shigo, ya zauna don kara. Ya ɗan jima yana kallo, sai ya ce, "Yallaɓai, su waɗannan ba su da gola ne?" Na fara bayani da zumuɗi, har ina miƙewa ina kwatanta jifa. Ya ce bari ya duba ruwansa kada ya ƙone, bai dawo ba. A ofis kuwa suna suka sa min, wai mai kallon kokawar Turawa.

Duk da haka ban yi wasa da aikina ba. Na zaɓi gomana, wani natsattse a cikin masu koriyar riga. Na kuma san taran da zai ɗauka, wani ɗan guntun masu shuɗiyar riga mai rawar kai. Na tanadi hujjoji. A kan babur, in ina zagayen ƙauyuka, nakan yi gardamar ni kaɗai, in faɗi tawa in ba kaina amsar da zai bayar. Wani dattijo ya taɓa tsayar da ni a bakin gonarsa ya ce, "Malam, lafiya dai kake magana da iska?" Mukan gaisa da abokin nawa a waya in layi ya yarda, amma ban ce masa komai ba. Doka ce, sai a benci. Tsorona ɗaya, kada ya ƙi dawowa.

Ya dawo ran wata kasuwa, da motar a-kori-kura. Da na ga motar na san ba zama ya zo yi ba. Ya rame, ya yi shiru-shiru. Ya ce gida ya dawo hannunsa, ga gona, ga tsohuwa, ga ƙanne, kayan aikinsa ya zo kwashewa. Na taya shi fitar da kaya, sannan na yi wa mai shayi alama. Muka zauna a benci, masu lodi suna ɗaure kaya.

Na gyara murya na faɗi gomana. Na jira.

Ya ce, "Wai an yi gasar?"

Na ce an yi, an gama.

Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi ban sani ba. Can ba wuta, kuma hankalina ba ya wajen."

Na ce ba komai, bari in kwatanta masa masu tara ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓa. Na fara da ɗan guntun nan mai shuɗiyar riga, har na ɗan kushe shi don in tsokano shi. Yana gyaɗa kai, idonsa na kan igiyar da ake ɗaure teburinsa da ita. Can ya dafa gwiwata.

Ya ce, "Malamin gona, ka zaɓar mana duka biyun. Duk wanda ka ɗauka daidai ne."

Tunda nake da shi bai taɓa ce min daidai ne ba. Hujjojin da na yi ta tarawa a kan babur suka tashi a banza. Na ce to. Muka shanye shayin. Da zai shiga mota ya ciro dikodar daga cikin kaya ya miƙo min, ya ce ni ta fi wa amfani. Na tsaya riƙe da ita har motar ta sha kwana.

Ban taɓa ganin laifinsa ba. Wanda gida ya hau kansa ba shi da lokacin gardama a kan jifan wani Bature. Har yau muna zumunci, muna gaisawa da salla, ya zo sunan ɗana a Roni. Amma na fahimci wani abu game da kaina. A da na ɗauka kaɗaici shi ne rashin wanda zai yarda da kai. Ranar na gane nawa kaɗaicin rashin wanda zai damu ya musa min ne. Na fi jin kewarsa yana zaune kusa da ni a bencin nan fiye da duk watannin da ba ya nan.

Dikodar ta daɗe da mutuwa, yanzu a waya nake kallo. Wasunku da ke bibiyata a shafina na sada zumunta kun sha tambaya, me ya sa in an gama gasa nake sa gwanin goma kawai, ko ban san masu tara ba ne. Na san su sarai, har nakan san wanda zai ɗauka. Amma zaɓar tara ba aikina ba ne, mai aikin bai faɗi nasa ba tukuna.