Kujerun da Aka Rataye

A layin kafintoci Mai Awo ake ce masa, don ba ya ɗora zarto a kan katako sai ya auna wanda zai zauna: tsawon ƙafa, faɗin ƙugu, inda baya ke lanƙwasa. In ka je sayen kujera, tsayawa za ka yi a zagaye ka da tef kamar ka je wurin tela. Kujera goma sha biyu zai jera a kan siminti ya bi su yana danna kowace da tafin hannu, wadda ta motsa ko yaya ta koma ciki. Da wannan hannu ya gina ɗaki uku, ya ga bayan karatun 'ya'ya huɗu.

Hannun ne kuma ya fara rawa. Likita ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Mai Awo zai ja layi sak a zuciyarsa, fensir ya bi wata hanya daban. Masu saye suka fara dawo da kaya, wasu da faɗa, wasu da kunya, masu kunyar sun fi ƙona masa rai. Kujera tara ya tara a bayan shago, kowace da irin karkatarta, ya lulluɓe su da tampol.

Auta ce ta bankaɗo su, 'yarsa da ta karanta zanen kayan ɗaki na zamani.

"Baba, wa ya yi waɗannan?"

"Ciwo ne ya yi su. Bar su nan, itacen hura wuta ne."

"Wallahi Baba, a makaranta har gumi muke yi muna neman irin wannan karkacewar, ba ma samu."

"To ku zo in ara muku hannun, ni ya ishe ni."

Ba ta yi dariya ba, mota ta kira aka kwashe su zuwa wurin wani nunin kayan fasaha. Auta ba ta san jira ba.

Ranar nunin, shi da matarsa suka shiga wani ƙaton zaure fari fat. Ga kujerunsa tara an rataye su a sama da siririyar waya, fitilu na haska su daga ƙasa, inuwarsu ta baje a bango kamar dabbobi masu dogayen ƙafafu. Jama'a sai ɗaga waya suke yi suna ɗaukar hoto. Wani mai tabarau ya riƙe hannun Mai Awo da hannu biyu yana cewa aikin ya taɓa masa zuciya. Auta ta zo da gudu, idonta na ƙyalli.

"Baba, an ce a ƙaro ashirin! Ashirin fa!"

Shi kuwa idonsa na kan matarsa. Ta daɗe tana fama da gwiwa, ga ta can ta jingina da bango tana canza ƙafa. Duk faɗin zauren ba inda mutum zai ɗora jikinsa. Mai gadi ne ya ji tausayinta, ya kawo mata kujerarsa ta roba.

"Ka ga ikon Allah, Malam," in ji ta tana zama. "Matar kafinta a kujerar aro, nata suna can suna shan iska."

Wasa ta yi, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya ƙudurta sai ya yi mata kujera ɗaya, guda ɗaya tak, mai tsayawa daram.

Washegari ya buɗe shago ya zaɓi katakon da ya fi kowane bushewa. Awonta ba sai ya ɗauko tef ba: tsayi inci goma sha takwas, don gwiwa ta samu sauƙin miƙewa. Ya danne hannun dama da na hagu ya yanka ƙafa huɗu. Da ya haɗa ya danna, ta motsa. Ƙafar baya ɗaya ta gaza. Ya rage sauran ukun, sai ta gaba ta gaza. Ya sake ragewa, zarton na tsalle, gumi na ɗiga a kan katako. Da ya ga tsayin ya dawo inci goma sha ɗaya, ya ajiye zarton. Ya goge ta da samfefa har ta yi santsi, ya ɗauka ya kai gida.

Matar ta dafa ƙofa ta sauka a hankali, a hankali, har ta kai.

"Ta yi, Malam. Kamar an zuba ni a ciki."

"Ba ta motsi?"

"Ina fa! Kai dai da neman magana."

Ya sunkuyar da kai. Babban yatsan ƙafarta ya gani a dafe da siminti, ta danna shi da ƙarfi har jijiya ta fito, tana tokare kujerar don kada ta girgiza.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya daɗe yana kokawa da ita kafin ya iya dannawa.

"Baba, mutanen nan sun dame ni. Ashirin ɗin nan, me zan ce musu?"

Ya dubi hannunsa yana ta rawa a kan cinyarsa.

"Ki ce musu to," ya ce. "Irin waɗannan kam akwai su."